Inabin Mama a Ƙarƙashin Rufin Roba

Wata daga cikinku ta rubuto min makon jiya, wai ita labarin soyayya ta zo karantawa a shafin nan, ba labarin rufi ba. 'Yar'uwa, na ji ki. Ni ma da so samu ne da yanzu labarin rigar amarya nake ba ku. Amma a gidanmu soyayyar da rufin sun cakuɗe, kuma yanzu haka da nake rubutu idanuna a kumbure suke, don haka ki gyara zama kawai.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, ni ce Bryony Ackroyd, shekarata ashirin da bakwai, ina aiki a kantin magani a nan Skipton. Ina zaune da Babana tun da Mama ta rasu shekara biyu da suka wuce. An sa ranar aurena da Dominic, Asabar ta uku a watan Yuni, kuma an ce a lambun bayan gidanmu za a yi 'yar liyafar. Ban ce na ce ba. An ce.

A bayan gidan namu akwai ɗakin gilashi, irin wanda rabin gidajen layinmu suke da shi. Baba ya sa aka gina wa Mama shi ina da shekara uku. Bangon gilashi ne, rufin kuwa faifan roba ne mai barin haske ya shigo, ko in ce mai bari a da, don yanzu ya koma kalar shayin da ya kwana, gansakuka duk ta bi gefunansa. Da rani ka shiga sai ka dahu. Da sanyi numfashinka kake gani. In ruwa ya sauko, kuma a Skipton ranar da bai sauko ba ake tambaya, ƙarar da yake yi a kan robar nan ko rediyo ba ka ji. Yoyo kuwa tun bara ya wuce wasa. Bokiti uku ne a ciki, da tukunyar da Mama take dafa jam na shafa wa burodi, da robar wanki a kusurwar da ta fi zuba. Ni nake zubar da su kafin in tafi aiki, in dawo in sake zubarwa. Don haka kada kowa ya zaci ina kare rufin nan ne. Ya mutu, sai dai a canza. Rigimar a kan yaushe ne, kuma da me.

Abin da ya jawo rigimar shi ne inabin Mama. Ta shuka shi yadda kakarta ta koya mata: saiwar a waje, a ƙasar lambu, gangar kuma ta shigo ta wani ɗan rami da aka bari a gindin bango, ta hau sama, ta bazu a kan wayoyin da aka ɗaura ƙarƙashin rufin. Ƙafa a sanyi, kai a ɗumi, haka take cewa. Shekara ashirin da uku yana nan, gangar ta kai kaurin hannun Baba. Duk watan Satumba sai ya yi 'ya'ya baƙaƙe masu tsamin da zai sa ka runtse ido, Mama ta dafa su jam ta bi maƙwabta da kwalabe, su karɓa su yi ta godiya, su kai bayan kabad su ajiye. Doka ɗaya ta kafa a kansa, kuma tun ban iya ɗaura igiyar takalmi ba na haddace ta: ba a taɓa shi da wuƙa bayan Kirsimeti. In ya farka daga barcin sanyi aka yanke shi, ruwan jikinsa zai yi ta zuba, ba ya tsayawa. Tun rasuwarta Baba ke yi masa aski duk Disamba, da almakashinta mai jan hannu.

To, ga Babana. Sunansa Clive, tsohon direban motar wasiƙu, mutumin da in ka taka masa ƙafa shi zai ba ka haƙuri. Na taɓa ganin an kawo masa kifi a gidan abinci alhali kaza ya ce, kuma ba ya cin kifi, ya cinye tas, mai hidima ta zo tambaya ya ce ai ya yi daɗi ƙwarai. Kalmarsa ɗaya ce a duniya: "Ba komai." Mama ce take faɗin a'a a madadinsa shekara talatin da ɗaya. Da ta tafi, sai gidan ya zama babu mai faɗi.

Wadda ta cike gurbin ita ce yayarsa, Gwaggo Maureen. Duk Lahadi ƙarfe ɗaya tana bakin ƙofa, gashi an gyara tun Juma'a, kot mai ruwan toka har gwiwa, jaka a kan cinya kamar za a ƙwace. Ba ta cire kot ɗin sai ta gama duba ƙurar kan talabijin. Ita ta fara cewa ba za a tara mutane ranar biki su zauna cikin bokitai ba, dangin Dominic mutanen kirki ne, uwarsa ko tawul ɗin kicin gogewa take yi. Shi kuwa Dominic, kun san shi daga abin da na sha rubutawa. Ba mugu ba ne, ku daina cewa haka a sharhi. Mutum ne da yake goge wandon jins, mai tsara tafiyar manyan motoci a wani kamfani a Keighley, wanda ko fita shan iska za mu yi sai ya rubuta abin da za a ɗauka. Lokacin jinyar Mama shi yake kai ta asibiti duk Talata, bai taɓa makara ba. In ya ga abu a karkace jikinsa har ƙaiƙayi yake yi. Da Gwaggo ta ambaci rufi, kwana uku kacal ya zo da fayil mai takardu kala-kala.

Shawararsa ita ce a cire robar a sa rufin tayil marar nauyi, a yi silin a ciki da 'yan fitilu, ɗakin ya zama falo sosai, ba zafi ba sanyi ba ƙara. Kamfanin da ya samo suka turo wani mai ƙyalƙyalin takalmi ya zo ya auna. Ya ɗaga kai ya ga rassan inabin a bushe, don a watan Fabrairu ne, ya ce, "Wannan shukar dai sai a fitar da ita kafin mu zo." Na ce in an rufe sama da tayil ta ina za ta samu haske? Ya yi murmushi ya ce ai akwai na roba yanzu masu kyau, ba a ma gane su. Na dubi Baba. Baba yana tambayarsa ko zai ƙara biskit.

Suka ba mu mako na biyu a watan Afrilu.

Ni kuma na je na tono lambar wanda ya gina ɗakin tun farko, wani dattijo Mista Hepworth. Na zaci ma ya daina aiki. Ya zo cikin wata tsohuwar mota da karensa a kujerar gaba, ya shiga ɗakin, bai kalli rufin ba sai da ya dafa gangar inabin ya ce, "Kai, kana nan ashe? Ni na bar maka ramin nan." Na juya na kalli lambu don kada ya ga fuskata.

Bayaninsa bai da tsawo. Ya ce rufin gilashi za a sa, irin na yanzu mai ruɓi biyu, yana tare zafi yana tare sanyi, ƙarar ruwa ma kaɗan ce, haske kuma ya shigo. Amma ba yanzu ba. Sai watan Janairu, lokacin da itacen ke barci: a kwance shi daga wayoyin a hankali, a kwantar da shi a kan benci, a yi aikin kwana uku ko huɗu, a mayar da shi. Kafin nan zai zo ya liƙe wuraren yoyon su kai mu ƙarshen shekara, ko da bokiti ɗaya zai rage. Ya kuma ce duk wanda zai ɗora tayil a kan ginshiƙan nan ya fara tona gindin bango ya ga harsashin, don shi ya zuba shi, kuma don roba ya zuba.

"'Yata," ya ce da zai tafi, "rufi ba ya gudu. Amma wannan in ya tafi, ba ki da shekara ashirin ɗin da za ki ba wani."

Na kai maganar teburin Lahadi, a kan gasasshen nama da dankali. Na shirya ta tun a banɗaki, na maimaita a gaban madubi. Ban kai rabi ba Gwaggo ta ajiye cokali.

"Janairu? Wato a yi biki a cikin bokiti."

Na ce a watan Yuni za a iya ɗauke bokitan na yini ɗaya, kuma lokacin ganyen ya rufe sama, ba wanda zai ga robar ma.

"In kuma ruwa ya sauko fa? Ke Bryony, a Skipton kike ko a ina?"

Dominic ya buɗe fayil ɗinsa a gefen faranti. Cikin natsuwa, wannan natsuwar da ke sa ni jin kamar in fasa kofi, ya ce ya riga ya karanta komai. Gilashi duk kyansa bai kai tayil riƙe ɗumi ba. Aikin Janairu kuma yana nufin gida a buɗe cikin ƙanƙara. Sannan ya kawo abin da ba ni da amsarsa: ƙirjin Baba. Tun Nuwamba Baba ke tari, likita ya ce ya guji danshi, shi kuwa kullum da safe can yake zama da shayinsa, cikin suwaita biyu, bango yana zufa. Dominic ya ce, "In mun yi aure kin koma Keighley, wa zai riƙa zubar da bokitan? Shi zai riƙa ɗaga su da wannan bayan nasa?"

Ai kuwa Gwaggo ta samu abin hawa. Ta ce ita ma ta so Hazel, wato Mama, Allah ya sani, amma ba za a kashe rayayye saboda itace ba. Ta ce na samu namiji mai tunanin ubana fiye da ni, ina neman in kore shi da taurin kai, irinsa ba a kan hanya ake tsinta ba, kuma in tuna 'yar maƙwabciyarta da ta yi ta ja da saurayi a kan kalar kicin, ga ta nan shekara talatin da takwas da kyanwa biyu. Na ce ni ina son kyanwa. Ta ce in daina mata rashin kunya a gaban nama.

Na juya ga mai gidan. "Baba, ɗakinka ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Me kake so?"

Ya goge baki, ya dubi yayarsa, ya dubi Dominic, ya dube ni. "Ni duk wanda aka yi daidai ne. Ba komai. Akwai sauran romo in wani yana so."

Na rantse muku ji na yi kamar in kwanta a ƙasa in yi birgima. Ina son mutumin nan fiye da kowa a duniya, kuma ranar na so in girgiza shi har haƙoransa su yi ƙara.

Mako uku muka yi a haka. Gwaggo ta buɗe mana zaure a waya ta sa masa suna "Bikin Bryony", amma ba a maganar biki a ciki, hotunan falon mutane kawai take turowa, masu silin fari da fitilu. Dominic kuma saƙo bayan saƙo. "Na samo miki wani inabi a tukunya, ana iya ajiye shi a waje." "Za a iya yankar reshe a dasa, na gani a bidiyo." "Bri, suna jiran amsa, in mun rasa Afrilu sai Agusta." Ni kuma in rubuta dogon bayani, in karanta, in goge, in tura "Za mu yi magana." Ranar da muka je gwada zoben aure ma tun a mota muke musu, har mai kantin ta tambaye mu ko mu dawo wani lokaci. Na fara jin tsoron ƙarar wayata. Na fara tambayar kaina ko haka rayuwar za ta kasance, shi da fayil, ni da "za mu yi magana", har mu tsufa.

Yanzu ga inda nake so ku saurare ni da kyau, don a nan ne laifina yake, kuma na yi alkawari ba zan riƙa wanke kaina a shafin nan ba.

Jiya Juma'a kantin ya cika maƙil, abokiyar aikina ba ta zo ba, wata tsohuwa ta yi min tas a kan maganin da likita bai turo ba. Ƙarfe biyar da 'yan mintuna ina tsaye a tashar bas, ƙafafuna suna zogi, saƙonsa ya shigo: "Gobe zan leƙa gida in ɗan share ɗakin gilashi, masu aiki za su zo awon ƙarshe ranar Litinin. Na tambayi Baba, ya ce ba komai."

Na karanta sau biyu. Zan iya ce muku na zaci kujeru yake nufi da tsofaffin jaridu, kuma rabin zuciyata hakan ta zata. Amma ɗaya rabin ta san Dominic. Ta san abin da sharewa take nufi a bakinsa. Na gaji ne kawai. Na gaji da zama ni kaɗai ce mai cewa a'a a gidan da kowa ke murmushi. Bas ta iso, na rubuta, "To, duk yadda ka gani," na jefa wayar a jaka. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ni da nake zagin Baba a zuci, ga ni nan.

Yau Asabar rabin yini nake yi. Gari ya waye tas, rana ta fito irin wadda ba mu gani ba tun Oktoba, mutane har da masu gajeren wando a kasuwa. Wajen sha biyu wayata ta yi ƙara a aljihu, ina tare da mai saye ban duba ba. Sai da na fito ƙarfe biyu na buɗe. Hoto ne. Ɗakin gilashinmu, an share shi fes, kujeru an jera, sama fayau babu ko reshe ɗaya, wayoyin ma an kwance an naɗe. A ƙasa ya rubuta: "Dubi haske! Zan dawo da Gwaggo ƙarfe huɗu, za ta kawo kek."

Ban jira bas ba. Da takalmin aiki na yi ta gudu har gida, jakata tana dukan ƙuguna.

A gefen gida na fara ganin kwandon sharar lambu, murfinsa bai rufu ba. An yayyanka rassan daidai wa daida, an ɗaure su dami-dami da igiya. Ko a nan sai da ya yi aiki mai tsabta. A jikinsu ga 'yan tohon nan sun kumbura, wasu har sun fara buɗe baki.

Na shiga ta kicin. Tun kafin in kai ƙofar ɗakin na ji sautin da na fi sani a duniya, ɗis, ɗis, a cikin bokiti. Har na ɗaga kai ina neman inda rufin ke zuba, saboda sabo. Sama shuɗi, robar a bushe.

Baba na durƙushe a kusurwa, a kan gwiwoyin da likita ya hana shi durƙusawa. Abin da ya rage na inabin kututture ne da bai wuce tsawon hannu ba, daga ramin bango zuwa inda zarto ya bi. Ruwa ke fita daga bakin yankan, fari ƙal, yana gangarowa yana ɗiga. Baba ya raba dankali biyu ya danna rabi a kan wurin da hannu biyu, dabarar tsofaffin masu lambu. Ruwan ta gefen dankalin yake bi, ya jiƙa masa hannun suwaita har gwiwar hannu. A gefensa ga wasu rabi-rabin guda huɗu da ya riga ya gwada, da guntun kyandir.

"Kin dawo," ya ce. "Akwai miya a tukunya."

"Baba, kana ina aka yi wannan?"

Bai juyo ba. Ya ce yana nan. Ya ce yaron ya zo tun ƙarfe tara da zartonsa sabo, har da safar hannu ya sayo, ya tuƙo mota tun daga Keighley ranar hutunsa. Ya ce ya zaci 'yan ƙananan rassan zai rage, kafin ya dawo daga dafa shayi an riga an fara manyan.

"To da ka gani fa?"

"Ya riga ya fara, 'yar Baba. Kuma tsanin yana rawa." Ya gyara riƙon dankalin. "Sai na riƙe masa."

Ya riƙe masa tsani. Ku ji fa. Ya tsaya a ƙasa ya riƙe tsani da hannu biyu ana sare abin da matarsa ta shuka, don kada baƙo ya faɗo, don kada ya ji kunya. Na buɗe baki zan yi masa ihun da na tara shekara biyu, sai na tuna saƙon da na tura a tashar bas, na rufe. Na durƙusa kusa da shi. Zoben baikona yana kama fatar dankalin, na zare shi na ajiye a kan dakalin taga, na karɓi dankalin na danna. Ruwan da sanyi yake, ba ya wari, ba ya tsayawa.

Da hannu ɗaya na kira Mista Hepworth. Ya saurara har na gama, ya ja numfashi. Ya ce zai yi ta zuba kwana da kwanaki, dankali ba ya hana shi, amma mu ci gaba in hakan zai sa mu ji sauƙi. Tsohuwar saiwa ce, wataƙila ta sake tohowa daga kututturen zuwa Mayu, wataƙila kuma shi ke nan. Amma in ta toho a ƙarƙashin tayil, ya ce, gara ma kada ta toho.

Na ajiye wayar. Baba ya zauna a ƙasa ya jingina da bango, yana kallon ramin da gangar ta shigo ta ciki.

"Tana waje," ya ce.

Na ce na sani, saiwar tana waje.

"Mamanki nake nufi."

Tokar gawar Mama, da aka ƙona bayan rasuwarta yadda wasu ke yi a nan, tana cikin wani ɗan tulun tagulla a saman wadirob ɗin Baba. Haka na sani, haka kowa ya sani. Shekara biyu Gwaggo tana cewa a kai ta makabartar coci kusa da iyayensu ita da Baba, ni ina cewa a kai ta bakin teku inda muke zuwa hutu, Baba yana cewa duk wanda aka yi daidai ne. Ashe tun makon farko, da sassafe kafin in tashi, ya fita da ƙaramin shebur ya tona gindin inabin ta waje ya zuba ta. Ita ta roƙe shi a asibiti. Ya mayar da tulun saman wadirob, don kada Maureen ta ji an yi ba da ita ba, don kada ni in ji an hana ni teku.

"Shi ya sa nake zama a nan da safe," ya ce. "Na san da sanyi. Ba wauta ba ce."

Kukan da na yi ba irin na fim ba ne, irin mai majina ne, hannuna ɗaya a kan dankali. Na ce me ya sa bai faɗa ba, kalma ɗaya da ta kashe maganar tayil tun Fabrairu. Ya ce ai ya ga kowa yana ƙoƙari ne saboda shi, bai ga ta inda zai fara ba. Haushi da tausayi suka haɗu suka cika ni, har yanzu ban san wanda ya fi yawa ba. Haushinsa, haushin Gwaggo, haushin Dominic da zartonsa sabo, amma wanda ya fi ci na shi ne na kaina.

Ƙarfe huɗu saura minti biyu muka ji mota ta tsaya. Dominic ba ya makara. Na ji muryar Gwaggo tana ce masa ya riƙe kek ɗin a daidai.

Baba ya yunƙura ya kama hannuna da jiƙaƙƙen hannunsa. "Kada ki gaya masa, Bryony. Da kyakkyawar niyya ya yi. Zai ji ba daɗi."

Na sa hannunsa a kan dankalin. Na hau sama da gudu, na taka kujera, na sauko da tulun. Shekara biyu ina goge masa ƙura da ɗan tsumma, ina yi masa magana in Baba ba ya kusa, ban taɓa ɗaga shi ba. Ba nauyi ko kaɗan.

Aka danna ƙararrawa. Na sauko da shi a rungume, na buɗe ƙofa.

Gwaggo ce a gaba cikin kot ɗinta, bakinta a buɗe da maganar da ta taho da ita. Dominic na bayanta, riga a goge, kek a hannu, fuskarsa cike da jiran a yaba masa. Ya dubi idanuna. Ya dubi tulun. Sannan, da yake shi ba abin da ke wuce masa, ya dubi yatsana, inda zoben ya bar farin zane.

"Bri," ya ce a hankali, "akwai matsala ne?"

Daga can baya ina jin ɗigon yana sauka a bokiti. Kalmar gidanmu ta taho da kanta har kan harshena, na ji ta, ta saba hanya. Na haɗiye ta.

"Akwai," na ce. "Gwaggo, yau sai kin cire kot ɗin nan. Ku shigo ku gaida Mama."